Sharhi kan taswirar gaɓar ruwa ta GSHHG a manhajar QGIS

Mai son zana taswirar bakin teku ko ta tafki ba tare da ya sayi bayanai ba, da wuya ya yi nisa bai ci karo da GSHHG ba. Tarin bayanan gaɓar ruwa ne na duniya baki ɗaya, wanda masana biyu, Paul Wessel da Walter Smith, suka haɗa, suka kuma bayyana shi a 1996. Fitowar da na yi aiki da ita ita ce 2.3.7 ta shekarar 2017, kuma a QGIS, manhajar zana taswira, na loda ta, don ina shirya wa ɗalibai taswirori biyu: ɗaya ta gaɓar tekun Najeriya, ɗaya ta Tafkin Chadi. Duka biyun kyauta ne, manhajar da bayanan. Abin da za ka kashe shi ne data, domin ƙunshin ya haura megabait 100, saboda haka ka sauke shi inda intanet ke da ƙarfi.

Ra'ayina a kansa ya rabu biyu. A bakin teku na gamsu ƙwarai. A kan tafkinmu kuwa ina da babbar magana, zan zo kanta.

Matsalar farko da yawancin mutane ke gamuwa da ita ba ta bayanan ba ce, ta tsarin shapefile ce. Sunan yana sa mutum ya zaci fayil guda ne, alhali aƙalla uku ne masu tafiya tare: .shp mai ɗauke da zanen, .shx mai nuna inda kowane zane yake, da .dbf mai riƙe da bayanansa. Akwai na huɗu, .prj, wanda ke faɗa wa manhaja tsarin ma'aunin da aka yi amfani da shi. Wani ɗalibi ya kwafa wa abokinsa .shp kaɗai a filas, QGIS ta ƙi buɗewa, ta ce ba ta gane tushen bayanan ba. Suka fara zargin kwamfutar, har ana maganar a sake saka manhajar. Da na duba babu .shx a wurin. Aka kwafo fayilolin gaba ɗaya cikin folda guda, taswira ta buɗe nan take. Haka kuma idan za ka canza suna, ka canza na dukansu iri ɗaya.

Akwai kuma zaɓen irin ƙunshin tun wajen saukewa. GSHHG yana zuwa iri uku: na shapefile, na netCDF wanda aka tanada wa wata manhajar taswira mai suna GMT, da na asali mai ƙarewa da .b. Na farkon ne na QGIS. Wanda ya sauke na .b zai yini yana ja yana sakewa a banza.

Tsarin foldodin ya burge ni, da zarar ka gane shi ka huta. Haruffa biyar ne, f, h, i, l, c, daga mafi cikakken bayani zuwa mafi gwari-gwari. Kowa yana rugawa kan f, wai shi ne mafi kyau. Amma a ciki nahiyar Afirka gaba ɗaya zane guda ce rufaffiya mai ɗigo-ɗigo ba adadi, kuma laftof mai ƙaramin ƙarfi sai ta tsaya cak duk lokacin da ka matsa taswirar. Ga taswirar ƙasa sukutum da za a buga a takarda, i ya wadatar, h kuma ya isa har ya yi yawa. Na ajiye f sai inda nake son nuna rassan ruwan Neja Delta, kuma a can ya biya buƙata: bakin kogunan Forcados da Bonny sun fito tsaf.

Sai lambobin L1 zuwa L6. L1 iyakar ƙasa da teku ce, L2 tafkuna, L3 tsibiran cikin tafki, L4 kududdufan da ke kan waɗannan tsibiran, L5 da L6 kuma na Antatika. Wanda ya loda L1 kawai zai nemi Tafkin Chadi ya rasa, ya ɗauka fayil ya lalace. Ba a huda wa tafkuna gurbi a cikin L1 ba, sai ka ɗora L2 a samansa ka ba shi launin ruwa. Idan L2 ya koma ƙasan L1 a jerin shimfiɗu, tafkin ya sake ɓacewa.

Inda na fi daɗewa shi ne tsarin ma'auni. Bayanan suna kan tsarin WGS 84, wanda lambarsa a QGIS ita ce EPSG:4326, digiri ne ba mita ba. Don auna nisa a yankin tafkin sai a koma tsarin UTM mai aiki da mita, shiyya ta 33 ta arewa, EPSG:32633. Idan aka juya taswirar duniya gaba ɗaya zuwa wannan shiyya, dogayen layuka za su tsaga allon ta ko'ina, nahiyoyi masu nisa su murɗe, saboda UTM an yi shi ne don siririn yanki mai faɗin digiri 6. Maganin shi ne a fara yanko yankin da ake so yana kan digirinsa, sannan a juya abin da aka yanko. A nan kuma wani saƙon ke iya tare ka, cewa wani zane yana da lahani a siffarsa, aikin yankan ya tsaya. Wannan na faruwa idan layi ya haye kansa a wani lungu. Kayan aikin Fix geometries ya warware mini shi, ko da yake a kan f yana ɗaukar lokaci.

Wani abin lura ga masu haɗa shi da tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya: da yawansu a kan ma'aunin Minna aka yi su. Idan ka liƙa musu sunan WGS 84 ba tare da ka juya su da gaske ba, za su zauna a gefe da gomman mitoci. Liƙa suna daban, juyawa daban, kuma QGIS tana da wurin kowanne.

Duk waɗannan matsalolin suna da kyau guda: ko manhajar ta yi maka kashedi, ko idonka ya ga ɓarnar. Wadda ta fi damuna ba ta zuwa da saƙo ko ɗaya. Gaɓar teku a GSHHG ta fito ne daga tarin bayanan World Vector Shorelines, amma tafkuna da koguna daga World Data Bank II aka ɗauko su, tarin da hukumar CIA ta Amurka ta haɗa tun wajen shekarun 1970. Tafkin Chadin da ya bayyana mini a allo, shuɗi, ƙato, a cike, na da ne. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 ya raba shi gida biyu, na arewa da na kudu, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Nguigmi ta Nijar, da a bakin ruwa take, yau sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga tafkin. Mutanen Baga sun san wuraren da aka koma noman masara da wake inda iyayensu suka jefa koma. Taswirar ba ta san wannan ba. Ɗalibin da bai taɓa zuwa Borno ba zai karɓe ta hannu bibbiyu, ya lissafa faɗin ruwa, ya rubuta a kundinsa. Wannan ya fi mini ciwo a kan fayil ɗin da ya ƙi buɗewa.

Ban ɗora laifin a kan waɗanda suka haɗa bayanan ba, domin sun faɗi inda suka samo komai a takardar da ke cikin ƙunshin. Sai dai tafki marar zurfi irin wannan, wanda ke faɗi ya tsuke gwargwadon abin da kogin Shari ya kawo kowace shekara, layi guda ba zai taɓa wakiltarsa ba. Ko a bakin teku akwai irin haka a ƙaramin mataki: filin Eko Atlantic da aka cike a Legas bai kamata ka sa ran ganinsa ba.

Abin da na yi a ƙarshe, na bar GSHHG a taswirar gaɓar teku, da harafin h. A ta tafkin kuma na mai da layin L2 ɗigo-ɗigo, na rubuta a jikinsa cewa tsohuwar gaɓa ce, sannan na ɗauko ruwan yanzu daga tarin bayanan Global Surface Water na Tarayyar Turai, wanda aka gina a kan hotunan tauraron ɗan adam na Landsat tun daga 1984. Mai son na kwanan nan sosai ya duba hotunan tauraron ɗan adam na Sentinel-2, kuma ya rubuta watan da aka ɗauki hoton a ƙasan taswirarsa, domin ruwan da ke wurin a Disamba ba shi ne na Yuni ba.