Ledar kare fenti a kan Mustang mai ratsi: abin da na gani a Garwa

Duk wanda ya saba bin hanyar Garwa zuwa Marwa, a arewacin Kamaru, ya san ƙarar nan: ƙas! Tifa ta sha gabanka a wajen Figil, ko motar auduga ta gifta, tayarta ta ɗebo tsakuwa ta watso maka. Mai Hilux ko waiwayawa ba ya yi. Amma idan motarka mai ƙasa-ƙasa ce, wadda hancinta ke kusan sharar kwalta, kowace ƙara tabo ce a fenti. Tawa Ford Mustang GT ce ƙirar 2016, ja, da ta sauka a tashar jirgin ruwan Duwala daga Amurka, da baƙaƙen ratsi biyu tun daga bamba har but. Ratsin ba fenti ba ne, sitika ce marar sheƙi da mai motar na farko ya manna.

Na sa mata ledar kare fenti, wadda masu sana'ar ke kira PPF, a bamba da bonet da kafaɗun gaba da bayan madubai. Ta ci hunturu, ta ci bazara, ta ci damina. Ledar kam ta biya kuɗinta. Shimfiɗa ta a kan ratsin sitika kuwa, ba zan ba kowa wannan shawarar ba, a ƙasarmu dai.

Ga wanda bai taɓa taɓa ta ba: roba ce garai-garai ta nau'in TPU, kaurinta kusan mikron 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Da jin haka sai ka raina, amma ta fi dukkan fentin da ke jikin yawancin motoci kauri, kuma tana da taushi, sai ta shanye bugun tsakuwa maimakon ta tsage. Asalinta ma aikin soja ne. A lokacin yaƙin Biyetnam kamfanin 3M ya yi wa sojan Amurka irinta don a rufe bakin farfelar helikwafta da yashi ke cinyewa. Abin da aka ƙirƙira saboda yashi, ai kamar da mu aka yi shawara.

Wani matashi ne da ya koyi aikin a Duwala ya yi mini. Nadin ledar, mai faɗin santimita 152, a jirgin ƙasa ya zo har Ngaundare, daga nan aka ɗora shi a mota. Abu na farko da ya burge ni shi ne ya ƙi yin aikin a garejin da na nuna masa. Ya ce ƙura ɗaya tak idan ta shiga ƙarƙashin leda ta zauna ke nan, kullum za ka riƙa ganinta kamar ƙurji. Sai da muka samu wani sito mai silin da ƙofar da ke rufuwa sosai, ya jiƙa daɓen da ruwa, ya kashe fanka, ya hana yara shiga. A zafin Garwa, ɗaki a rufe babu fanka, gumin da yaron nan ya yi Allah kaɗai Ya sani. Ya wanke motar, ya goge ta da wani yumɓu na musamman mai tsince dattin da ya kafe a fenti, ya cike tsoffin tabon tsakuwa da ɗan burushi. Kwalaben feshi biyu ne a hannunsa: ɗaya ruwa da ɗigon sabulun wankan jarirai, don ledar ta yi santsi a iya gyara mata zama, ɗaya kuma ruwa da alkwal, don gam ya kama a wurin da ake so. Sauran aikin na faifan roba ne, yana tura ruwan waje a hankali daga tsakiya.

Da muka zo kan bonet sai ya tsaya.

"Alhaji, ratsin nan fa? A ɓare su ko a bar su?"

Na ce, "Kai ne mai sana'a. Me ka gani?"

"In aka bar su a ƙasa, ledar za ta kare su daga rana da tsakuwa. In aka ɓare, sai mun jira sabuwar sitika irin wannan daga kudu, don wadda ke kasuwa nan mai ƙyalli ce."

Maganarsa ba ƙarya ba ce, kuma a ƙasashen waje ma akwai masu yin haka. Aka bar su. Ranar da na ɗauki motar, tana jiƙe tana sheƙi, babu abin da za ka kushe.

Bari in fara ba ledar haƙƙinta. Bambar da a da kowace tafiya sai ta dawo da sabbin fararen ɗigo, yanzu in aka wanke ta sai ka ga babu komai. Na haura Ngaundare ta hawan Mbe a bayan manyan motoci, na ji tsakuwa tana sauka, na duba ban ga fenti ya tashi ba. Akwai wuri ɗaya da wani dutse mai kaifi ya huda ledar, amma jan da ke ƙasa lafiya lau. Wani ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ya goge ni da ƙafar babur a kasuwa, tabon ya tsaya a leda. Sai kuma abin da ake yawan tallatawa, wai tana warkar da kanta. Gaskiya ne, amma ga ƙananan ƙarce kawai, irin na tsumman masu wanki. Saman ledar yana yin laushi kaɗan idan ya ji zafi, sai ƙarcen ya shafe. Turawa ruwan zafi suke zubawa. Mu nan a watan Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ajiye motar a rana kafin a yi la'asar ya isa.

Ba ta hana lotsewa, ba ta kare gilashin gaba, kuma ba ta yafe sakaci. Kashin tsuntsu da na jemage da 'ya'yan darbejiya idan suka kwana biyu a kanta a rana suna barin shaida, don haka inuwar bishiyoyin bakin titi da muke so sai da lura. Mai sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi, kuma ya kan ajiye galan ɗinsa a kan bonet yana ƙirga canji, man ya ɗiga. A goge nan take. Masu wankin mota na bakin gada su ma sai ka tsaya a kansu, domin bututun nan mai ƙarfi idan aka kafa shi a bakin leda yana ɗaga ta.

To, sai ratsin.

Sitika tana da nata kaurin, ko da bai kai rabin na ledar ba. Inda ta ƙare fenti ya fara akwai 'yar matakala, ƙarama ainun, farce ne kawai ke jinta. Leda mai kauri ba ta iya lanƙwasa ta shiga wannan lungun. Tana sauka ne a karkace, sai ta bar wani siririn kogo na iska a gefen ratsin tun daga sama har ƙasa. Lokacin da ruwan aiki ke ciki ba a ganin komai. Da ya bushe sai wani farin zare ya bayyana a gefen kowane ratsi, layi huɗu a bonet, tsakanin baƙi da ja inda ido ya fi zuwa. Yaron ya dawo ya bi su da zafi yana dannawa da bakin faifai, suka ragu, ba su ɓace ba.

Da a nan abin ya tsaya da na haƙura. Amma kogon nan yana da baki, a inda ratsin ya kai ƙarshen bonet. Da hazon Disamba da Janairu ya sauko, ƙurar nan mai laushi wadda ke shiga har cikin akwatin da aka kulle ta sami ƙofa. Ruwan wanki ya riƙa tura ta ciki. Farin zaren ya koma ruwan ƙasa daga bakin bonet, yana ƙara tsawo a hankali, kuma babu tsumman da zai kai gare shi tunda a ƙarƙashi yake. Wanda ke zaune a ƙasar da babu ƙura zai iya shekaru bai ga wannan ba, shi ya sa shawarar da ake karantawa a intanet ba duka ce ta dace da mu ba.

Ga kuma maganar kama. Leda mai sheƙi a kan sitika marar sheƙi tana mayar da ita mai sheƙi. Sai ratsin bonet ya zama yana ƙyalli, na rufi da but, da ba a sa musu leda ba, suka tsaya a dushe. Kawuna da ko tuƙi ba ya yi, yana ganin motar ya ce, "Ɗana, gaba da baya ba uwa ɗaya ba ce?" Akwai ledar da ba ta sheƙi, amma in aka sa ta sai jan fentin ma ya dushe. Wasu kan yanka marar sheƙi daidai faɗin ratsi su haɗa da mai sheƙi a gefe, sai dai kowace mahaɗa wani masaukin ƙura ne.

Aka yanke shawarar sake bonet ɗin. A wajen ɓarewa ne na ga abin da ya kamata kowa ya sani tun kafin ya biya: gam ɗin leda ya fi na tsohuwar sitika ƙarfi, musamman wadda rana daga sama da zafin injin V8 daga ƙasa suka gasa. Duk da tururin da aka sa, ledar ta taso da ratsin guntu-guntu. Ashe kariyar da ta ba su aro ce, ranar da za ta tafi tare za su tafi. A ƙarƙashinsu kuma jan fentin ya fi na gefe duhu, don shi bai sha rana ba, dole sabbin ratsin su zauna daidai gurbin tsofaffi.

A karo na biyu aka bi ɗaya hanyar. Aka goge ragowar gam, aka shimfiɗa leda a kan fenti tsura, aka bar ta ta bushe sosai, sannan aka manna sabbin ratsi a kanta. Ya yi amfani da tef mai zare a ciki, wanda ke yanka sitika daga ƙasa, don kada reza ta taɓa ledar. Ya kuma goge wurin da alkwal tukuna, domin saman ledar santsi gare shi, kuma in an riga an shafa man nan na seramik, mai sa mota sheƙi da santsi, sitika ba za ta kama da kyau ba. Yanzu babu farin zare, babu kogo, ratsin gaba da na baya kamarsu ɗaya. Tsakuwa tana cin ratsin, rana ma za ta koɗar da su, na sani. Amma sitika mai araha ce, ana ɓare ta daga kan leda ba tare da wahala ba.

Kuɗi: aikin farko ya tasar wa sefa dubu ɗari bakwai, har da kuɗin kawo nadin. Na biyun ya yi mini sauƙi, na biya leda da sitika, ya yafe ladan hannu. Idan wani ya yi maka tayin rufe mota gaba ɗaya a ƙasa da wannan, tambayi wace leda ce. Akwai ta PVC mai arha da ke zuwa a kwali mai kyau, ita ce ke komawa rawaya ta tsattsage a rana, gam ɗinta kuma ya kafe a fenti. Karɓi guntu ka ja da hannu: ta gaske tana miƙewa ta dawo. Manyan kamfanoni irin su XPEL da 3M da SunTek suna ba da garanti har na shekara 10 a kan wasu nau'o'insu, amma sai in dilan da suka amince da shi ne ya manna, don haka a nan arewa hannun mai aikin da amanarsa su ne garantinka.

Masu sayen motocin gwanjon Amurka kuma ku bincika tarihin fentin. Da yawansu an yi musu gyaran haɗari an sake fesa su a Duwala ko Kwatano kafin su iso gare mu. Sabon fenti yana bukatar aƙalla kwana 30 ya gama fitar da iskarsa kafin a rufe shi, kuma fentin da bai kama da kyau ba yana iya biyo leda ranar ɓarewa. Kafaɗar dama ta motata an taɓa fesa ta, yaron ya gane tun kafin in faɗa masa, ya ce shi zai manna amma in sani. Ban rufe ƙofofi da rufi ba, kuma ba ni da niyya, tsakuwa ba ta kai can. Abin da ya rage shi ne gefen ƙasa da gaban tayoyin baya, inda motar ke jifan kanta da kanta a hanyar laterit, wato ta jar ƙasa, shi zan sa a yi kafin hazo ya sake saukowa.