Agogon ƙirga taku: wata 14 a hannun tsohuwa

Ɗana na biyu yana ci-rani a Abijan, kamar yawancin samarin Adar. Da ya zo gida da damina ya sauke mini tsaraba: atamfa turmi biyu, man zafi, da wani baƙin agogo mai igiyar roba. Ya ce, "Inna, wannan takunki yake ƙirgawa." Na ce to wa ya aike shi? Shekara 33 na yi ina ƙirga ƴaƴan mutane a aji kowace safiya, yanzu ina da 66 kuma ni za a ƙirga. Ya ce jikka 15 ya saye shi. Irinsa ne ake shanyawa a teburin masu sayar da salula a kasuwar Tawa da ta Yamai, kuma sunan da ke jikin kwali daban yake da wanda ke fitowa a salula, saboda haka ba ni da sunan da zan ba ku.

Wata guda ya yi cikin kwanon da nake ajiye zobba. Abin da ya sa na ɗauko shi, wata ƙawata ce da ta dawo Umra. Mun je yi mata barka, ana ta raba dabino da Zamzam, da mutane suka ragu ta ja ni ɗaki ta ce ƙafa ta ci amanarta. A keke aka tura ta ɗawafi da sa'ayi, a bene, ta biya riyal ɗinta, Ka'aba kuma daga nesa ta hango ta. Addini bai hana ba, ladanta yana nan. Amma da na ga yadda take share ido da bakin mayafi, sai jikina ya yi sanyi, don ni ma tun da na ajiye alli nake zuba adashi da wannan niyya, kuma gwiwata ta dama ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ranar farko da na ɗaura shi, da magariba ya nuna 1,340. Na ce ƙarya yake, ni da ban zauna ba tun safe. Jikata, wadda ke lise, ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Tsohuwa, kazar gidan nan ta fi ki yawo." Na kai mata duka da mafici, amma da na kwanta na bi ranar daki-daki. Daga ɗaki zuwa inuwar bedi, daga inuwa zuwa buta, daga buta zuwa tabarma. Cefane yara, niƙa yara, biki ko gaisuwar mutuwa kabu-kabu. Baki ne ke ta aiki tun safe, shi ya sa nake jin kamar na gaji.

Saita shi aikin yara ne. Sai da babbar salula, sai an sauko da wata manhaja, ita kuma Faransanci ko Ingilishi take ji. Faransancin bai gagare ni ba, latse-latsen ne ya gagare ni. Jikata ta sa tsawona da nauyina, ta gama cikin minti 10. Daga nan ƙirgar ba ta buƙatar intanet. Batir da farko kwana 5 yake yi, yanzu 3. Wayar cajinsa mai maganaɗisu ce, ba ta shiga ta kowa, ta kowa ba ta shiga tasa, ranar da ta ɓace agogo ya zama awarwaro. Lambobin ƙanana ne, sai na sa tabarau, a cikin ranar Tawa kuma gilashin baƙi ƙirin yake komawa, dole ka nemi inuwa ka kare da tafi. Ruwan alwala bai taɓa yi masa komai ba, sai dai a tuna a matsar da shi ruwa ya sami fata. Igiyar ta fitar mini da ƙuraje da bazara, ta tsage a wata na 9, mai gyaran agogo ya sa mini ta ƙyalle a dala ɗari, kuma ta fi ta asali daɗi.

Yanzu ga ƙaryarsa, don yana da ita. Abin ba ƙafa yake gani ba, lilon hannu yake ji. Ranar da na taya surukata dakan hatsi ya ba ni taku 2,000 ban bar gindin turmi ba. Tankaɗe ma tafiya ce a wurinsa, wanki tafiya, fifita tafiya. In kuma na saɓa jariri a kafaɗa, ko na riƙe bakin hijabi saboda iska, sai in yi tafiya mai nisa shi yana barci. Da na mai da shi hannun hagu ƙaryar ta ragu sosai. Na kuma koyi duba lambar kafin in fita da bayan na dawo, in cire wannan daga waccan, lissafin ƴan aji uku.

Wannan duk abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne awon jini. Ina da hawan jini shekara 7 ke nan, ina shan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Agogon nan kullum 12/8 (wato 120/80) yake nuna mini, wani lokaci 12/7, kamar budurwa. Zan faɗi wautata don wata ta tsira: sai da na yi mako guda ban sha magani ba, ina cewa tafiya ta warkar da ni. Kaina ya dinga sarawa ta ƙeya. Da na je likita majo, babban malamin jinya, ya ɗaura mini nasu ma'aunin mai hurawa, ya ce 16/9. Na nuna masa agogo, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Madam, ke da kika koya mana lissafi?" Ashe ɗalibina ne. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Da yamma jikata ta ɗaura agogon a taɓarya ta latsa, koren hasken nan na bayansa ya yi ta walƙiya, can sai ya ce taɓarya ma 12/8 gare ta, zuciyarta na bugawa 74. Tun ranar ban sake buɗe wannan shafin ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ya bar awo ga likita, kada ya ajiye ƙwaya ɗaya saboda abin jikka 15.

Wani abin da ya kusa karya mini gwiwa shi ne 10,000 da aka sa masa tun daga kamfani. In ba ka kai ba, ba ya yi maka rawa da ƴan furanni. Ni da ke fama da 2,000, kowane dare sai in ji kamar na faɗi jarrabawa. Lambar nan kuwa daga talla ta fito: a 1965 wani kamfani a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku ya sa mata sunan da ke nufin taku dubu goma, duniya ta ɗauka. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa, har ga waɗanda suka wuce 65, shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, irin wanda za ka iya magana amma ba ka iya rera waƙa, a haɗa da ɗan aikin ƙarfafa ƙafa don gudun faɗuwa. Minti 30 ke nan sau 5. Na sa aka mai da shi 4,000, bayan wata biyu 6,000. Majo ya ƙara mini da tashi daga kujera sau 10 ba dafa komai, safe da yamma. Wannan agogo bai san da shi ba, amma shi ya fi yi wa gwiwar amfani.

Tafiyar kanta sauƙi gare ta, bakin mutane ne aiki. Ina idar da asuba nake fita, in bi titunan da aka gyara lokacin Tawa Sakola, bikin 18 ga Disamba na 2017, in miƙe wajen filin kokawa in juyo. Makon farko ba na yin taku ɗari sai ɗan kabu-kabu ya ci birki: "Inna, lahiya? Hau in kai ki, ko ba kuɗi." Tsofaffin ɗalibaina su tsaya da mota, "Madam, mi ya faru?" Kafin wata ya ƙare labari ya zaga unguwa cewa ɗana ya daina aiko kuɗi. Wata kuma ta ce ai likita ne ya ba ni kwanaki. A garinmu dattijuwa ba ta tafiya sai da dalili, ko suna, ko gaisuwa, ko dubiya. Sai na ba su dalilin. Duk wanda ya tambaya in ce Makka nake shiri, nan take tambaya ta koma addu'a. Daga baya maƙwabciyata, wadda ta fi kowa yi mini tsiya, ta fara jira na a ƙofar gidanta da hijabinta, wai rakiya.

Silifas ya fasa mini dunduniya, dole na sayi kambas irin na ƴan makaranta, jikoki suka yi mako suna kira na ƴar ƙwallo. Da ɗari ƙura ke hana numfashi, sai in bari hantsi ya ɗaga. Da bazara kuwa in bakwai ta same ka a waje ka shiga uku.

Da lokacin tafiya ya zo na shiga kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai, kilomita wajen 550, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Rabin hanya barci na yi, amma da muka sauka agogo ya ba ni taku 3,000 da ɗoriya, duk ramin da taya ta faɗa ya rubuta mini. A Yamai na yi masa jarrabawar da na daɗe ina so. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, tsawonta mita 710 ne. Na auna takuna tun a gida da ma'aunin tela, santimita 60 ne, wato ya kamata in sami kusan 1,180. Ɗiyar ƙanwata ta raka ni da sassafe muka ƙetare zuwa Harobanda, hannuna a sake, kogin Isa na tafiya a ƙarƙashinmu, masu jiragen ruwa na jefa taru. Ya nuna 1,152. A aji da na ba shi 19 bisa 20. In hanya miƙaƙƙa ce kuma hannu na lilo, gaskiya yake faɗi.

A Makka ya fara da kunyata ni. Saudiyya ta riga mu da awa 2, shi kuma sai ya haɗu da salula yake gyara lokaci, salular tana ƙasan jaka a kashe. Na duba na ga da sauran dare, na gyara kwanciya, sai ga kiran salla. Wanda zai tafi ya sa a gyara masa tun a filin jirgi.

Abin da ban shirya masa ba shi ne dutsen daɓen Harami. Wata da watanni ina tafiya cikin kambas mai taushi, ga ni yanzu ba takalmi a kan marmara mai sanyi da tauri. Tsakanin Safa da Marwa sau 7 ne, jimilla kilomita 3 da ɗan kai, bayan ka gama zagaye 7 na ɗawafi, bayan kuma ka tako daga masauki. A zuwa na biyar tafin ƙafata ya ɗauki wuta. Na raɓe gefe na zauna, na sha Zamzam, ina kallon maza na sassarfa tsakanin korayen fitilu, masu tura keke na wucewa. Wani ya tsaya ya nuna mini kujerar da hannu. Na girgiza kai, na dafa gwiwa, na tuna ashe an hana ni dafawa, na miƙe haka nan. Da na sani da na riƙa yin ɗan zagaye a simintin tsakar gida ba takalmi, da kuma na tafi da safa mai kauri.

Ɗawafin kuwa a ƙasa na yi shi, cikin mutane, kafaɗa da kafaɗa da matan da ban san harshensu ba. Ban tuna akwai wani abu a hannuna ba sai da na koma masauki zan yi alwala. Ya rubuta 17,400. Na san akwai ƙarya a ciki, don hannuwana sun daɗe a sama, wani wurin kuma turereniya ce ke tafiya da ni. Na dai sa aka ɗauki hoton lambar aka aika Abijan.

To a saya ko kada a saya? Dattijon da ke da tafiya a gaba, Hajji ko Umra ko ziyarar ƴaƴa a wata ƙasa, kuma yana da yaro a gida da zai saita masa, jikka 15 ba ta ɓaci ba. Wanda awon jini yake nema ya ƙara kuɗi ya sayi mai hurawa a farmasi. Wanda kuma kullum yana gona ko yana bin dabbobi ba ya buƙatar wani ya ƙirga masa komai.

Yanzu Agadas nake hari. Shekara da shekaru ina zana wa yara hasumiyar masallacinta a allo, mita 27 ta laka zalla, ina gaya musu UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, alhali kilomita 400 ne tsakaninmu ban taɓa zuwa ba. In ɗari ya shigo kuma hanya ta yi lafiya, ni da maƙwabciyata za mu bi ta Tabalak da Abalak. Ita ma ta sa na yi wa ɗana saƙon murya ya taho mata da nata. Na ce ya nemo mai manyan lambobi, ya haɗo da wayar caji biyu.