Gargaɗi kan masu na'urar "duba homon" da maganin suga na har abada

Jama'ar Kano, a yi hattara. Akwai wasu mutane da ke zagaya unguwanni da wata 'yar na'ura haɗe da kwamfuta, suna kafa tebur a gidajen biki da tarukan mata, wani lokaci a bakin masallaci bayan an sakko daga Juma'a. Gwaji kyauta ne, in ji su. Za a miƙo miki wani ƙarfe ki damƙe na ɗan lokaci, sai allon kwamfuta ya cika da rubutun Turanci ja da kore. Mai farar riga ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, homon ɗinki ya rikice, suga ya kusa kama ki, ga maƙoƙo yana tasowa ta ciki." Har yau ban ji wanda na'urar nan ta ce masa lafiyarsa ƙalau ba. Daga nan sai a fito da kwalabe, a ce sai an sha na wata uku, kuɗi a hannu ko a tura ta waya.

Homon sinadarai ne da wasu sassan jiki ke zubawa a cikin jini. Insulin, mai daidaita suga a jini, na fitowa daga wani sashe da ke bayan tumbi, homon ɗin tayirod kuma daga gaban wuya, inda maƙoƙo ke kumburowa. Tunda a jini suke, a jini ake auna su. Mai son sanin halin tayirod ɗinsa sai an ɗebi jini an yi gwajin TSH. Suga kuwa, in mutum ya kwana bai ci komai ba aka auna ya kai 126 mg/dl aka kuma maimaita aka sami haka, ko gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance a 'yan watannin baya, ya kai kashi 6.5, shi ne likita zai ce ciwon ya tabbata. Riƙe ƙarfe a tafin hannu ba ya nuna ko ɗaya daga ciki.

Abin da ya sa suke cin kasuwa shi ne suna jingina da labarai na gaskiya. Za su ce Turawa sun gano maganin warkar da suga gaba ɗaya, likitocinmu ne ke ɓoyewa. Lallai ana bincike, kuma an ci gaba. A watan Yunin 2025 an wallafa sakamakon gwajin kamfanin Vertex na Amurka, inda aka raino ƙwayoyin halitta masu yin insulin aka zuba wa masu nau'in suga na ɗaya, wato waɗanda jikinsu ba ya yin insulin, ta jijiyar hanta. Cikin mutum 12, mutum 10 sun daina allurar insulin bayan shekara guda. Amma a asibiti aka yi, kuma dole su ci gaba da shan magungunan danne garkuwar jiki, waɗanda su ma suna da nasu haɗarin. Ƙwayar halitta mai rai ba ta zama a cikin garin da za a dama da kunu. A Birtaniya kuma binciken DiRECT na 2017 ya nuna kusan rabin masu nau'i na biyu da suka bi tsarin rage ƙiba mai tsauri, sugansu ya sauka ba tare da magani ba bayan shekara. Lafawa ce aka samu, ciwon na iya dawowa in ƙiba ta dawo.

Wasu masu na'urar har allurar Ozempic, ta masu suga nau'i na biyu, suke tallatawa a WhatsApp, wai an shigo da ita da araha. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka. A Ostiriya a 2023 sai da aka kwantar da mutane a asibiti saboda jabun da suka yi wa kansu ta kayar musu da suga warwas. In ƙasashen da ke da tsauraran matakai sun sha wannan, ina ga allurar da aka ciro daga but ɗin mota da tsakar ranar Kano?

Wani zai ce ai Baba ya sha kuma sugansa ya sauka. Wannan saukar ita ce abin tsoro. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama magungunan da ake kira na gargajiya an cusa musu glibenclamide, wato ƙwayar suga ta asibiti, ba tare da an rubuta ba. Dattijo yana shan nasa na likita, ya ƙara da wannan, ga shi wataƙila yana azumin Litinin da Alhamis, sai zufa da karkarwa da ruɗewa, a ce iska ce ta taɓa shi alhali suga ne ya faɗi. Wasu kuma dexamethasone ake zubawa, irin wadda 'yan mata ke sha don ƙiba. Kwanakin farko ciwon gaɓoɓi ya tafi, abinci ya shiga, kowa na sa albarka. Daga baya fuska ta kumbura, hawan jini ya zo, sugan da aka ce za a kore shi ya hau fiye da da.

Mafi muni shi ne cewar da suke yi a ajiye insulin. Yaro mai nau'i na ɗaya jikinsa ba ya yin insulin, shi ya sa kafin gano ta a Toronto ta Kanada a 1921 irin waɗannan yara ba sa daɗewa. In aka tsayar masa da allura, cikin kwana ɗaya ko biyu zai iya fara amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama, daga nan sai suma. Duk wanda ya ce wa uwa ta ajiye allurar ɗanta, ko da rantsuwa ya haɗa, a tashi a bar masa teburinsa.

Wanda ya riga ya saya, ya duba lambar NAFDAC a shafin Greenbook na hukumar, don ana buga lambar ƙarya a jikin kwalba. Ya ɗauki kwalbar ya kai wa likita a Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala ko wanda ya fi kusa, ya faɗi tsawon lokacin da ya yi yana sha, babu kunya a ciki. Wanda ya yi makonni yana sha kuma fuskarsa ta fara cika, kada ya yanke shi rana ɗaya, domin in akwai dexamethasone a ciki yankewar na iya kayar da jini har ta kai ga halaka. Likita ne zai rage masa a hankali. Mai zufa da karkarwa in yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan sukari ko lemo nan take. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a nemi adaidaita sahu a wuce asibiti da shi da kwalbar.