Inda mace ke gudu idan gidan iyaye ya yi nisa

Kullum tambayarku daga gida ita ce nawa ake sayar da shinkafa a Amurka, nawa ne kuɗin haya. Yau labarin wata hidima zan ba ku wadda ba a biyan ko sisi a kanta.

A birnin St. Paul na jihar Minnesota, matan Latino, wato masu asali daga Meziko da sauran ƙasashen kudu masu jin Sifaniyanci, sun kafa ƙungiya tun 1982 don matar da mijinta ke duka ko wadda aka yi wa fyaɗe. A da sunanta Casa de Esperanza, yanzu Esperanza United. Suna da gidan fakewa, kuma irin waɗannan gidaje ba a faɗa wa miji inda suke.

Masu karɓar baƙin 'yan uwansu mata ne, harshe ɗaya, abinci ɗaya. Sun san surukar da za ta ce a rufa asirin gida, sun san mace na jin nauyin malamin cocinta, don haka ba sa tilasta mata rabuwa da mijin. Zama suke yi da ita a tsara yadda za ta tsira da 'ya'yanta, ko ta zauna ko ta tafi. Babban makamin azzalumin miji a nan shi ne takardu: "Ki kai ƙarata, a mayar da ke ƙasarku." Su ne ke sanar da ita cewa dokar VAWA ta 1994, wato dokar Amurka ta hana cin zarafin mata, ta ba matar ɗan ƙasa ko matar mai katin zama, idan mijin yana zaluntarta, damar neman takardunta da kanta, ba da saninsa ba. Akwai kuma bizar U ga wadda aka zalunta kuma ta taimaka wa 'yan sanda a bincike, sai dai guda 10,000 ake bayarwa a shekara, layin kuwa na shekaru ne.

A wajenmu mace ta yi yaji ta tafi gidansu, dattawa ko Hisba su shiga tsakani. Wannan gata ne da baƙuwa ba ta da shi a nan, ba na raina shi. Amma sau nawa aka ce mata "ki yi haƙuri" aka mayar da ita da kumburarren ido? Dokar VAPP ta hana cin zarafin mutane tana nan a Najeriya tun 2015, wurin kwana na sirri ne ya yi mana ƙaranci.

Mu Hausawan nan kuwa tafinta ake nemo mana ta waya. Mu kaɗan ne, kowa ya san kowa, sai mace ta yi shiru don tsoron kada tafintan ya zama abokin mijinta.