Tawagar agajin gaggawa ga masu larurar ƙwaƙwalwa: yadda na same ta a Kawo da kuma a ƙauye

Sau biyu na nemi taimakon wannan tawaga cikin shekara guda, karo na farko saboda ƙanena a nan Kawo cikin garin Kaduna, na biyu kuma saboda ɗan kawuna a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Kauru. Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ke gudanar da aikin da kuɗin tallafin da ta samo daga waje. Alkawarinsu shi ne layin waya da ake ɗauka dare da rana, da mota mai ɗauke da nas da jami'in walwalar jama'a, wadda za ta je duk gidan da rashin lafiyar wani ya fi ƙarfin danginsa.

Ƙanena ya yi kwana huɗu bai runtsa ba, ya kulle kansa a ɗaki yana cewa an dasa masa na'ura a cikin silin, har ya farfasa talabijin. Kafin sha ɗayan dare samarin unguwa sun cika ƙofar gida, wani ma ya taho da igiya. Matar da ta ɗauki wayar da Hausa ta yi mini magana, ba ta kuma ɓata lokaci wajen tambayar suna da shekaru ba. Ta tambaya ko yana riƙe da makami, ko ya ambaci kashe kansa, ko mun san ya sha wani abu, sannan ta ce in sallami taron, a daina haska masa tocila ta taga. Cikin minti arba'in suka iso, ba jiniya, ba hayaniya.

Abin da nas ɗin ya yi ba zan manta da shi ba. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa daf da ƙofar, ya yi sallama, ya ce, "Malam, ba kama ka muka zo yi ba, mun ji an ce barci ya gagare ka ne." Ya juya wajen mahaifiyarmu da ke ta sharɓar kuka ya ce, "Hajiya, ki kawo masa ruwa da hannunki, muryarki yake buƙatar ji." Sun fi awa guda a haka kafin yaron ya zare sakata da kansa ya ce, "Yaya, ka raka ni." Da ƙafarsa ya shiga mota, aka kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa.

Duk wanda yake Kaduna a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sasari a ƙafa, ya san darajar a ɗauki marar lafiya ba tare da an ɗaure shi ba. Akwai kuma dalilin da ya sa iyalai ke tsoron kiran hukuma, domin sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa ya sanya yunƙurin kashe kai cikin laifuka. Saboda haka tawagar da take zuwa da nas maimakon ankwa ta toshe wata babbar kafa.

A ƙauye kuwa labarin ya sha bamban. Sai da na hau wani tudu a bayan gari kafin na samu sabis, da aka ɗauka kuma aka shaida mini cikin ladabi cewa motarsu ba ta wuce cikin birni da kewaye, saboda kuɗin man da aka ware musu bai kai nan ba. Suka haɗa ni da wani malamin asibiti na gundumar, wanda suka horar bisa tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci kula da larurar ƙwaƙwalwa. Mutumin ya san aikinsa, ya kuma gane ciwon nan take, sai dai ɗakin maganinsa babu ko ƙwaya ɗaya ta wannan larura. Da igiyar shanu na tarar an ɗaure yaron a jikin turke, kuma ban iya ganin laifin kawu ba, tunda ya gwada ruƙiyya ya gwada rubutu, ga ƙananan yara a gidan. Shatar mota muka ɗauka zuwa Kaduna, kuɗin da sai da aka sayar da buhunan masara kafin a haɗa shi. Jihar da ke da ƙananan hukumomi 23 da gundumomi 255, mota ɗaya ba za ta iya da ita ba, amma da an ajiye magani a hannun wanda aka horar, da ba mu yi wannan tafiya ba.

Babbar damuwata ita ce tsarin kuɗin kansa. Tallafin yana biyan zuwan farko da maganin wata guda, daga nan sai iyali su koma kemis da aljihunsu, alhali irin wannan ciwo yakan dawo ne idan aka yanke magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tanadi asusu na musamman domin wannan fanni, kuma a ganina a nan ya kamata irin wannan aiki ya jingina, ba a kan alherin masu ba da agaji da ke da wa'adi ba.

Ga mazaunin cikin gari, ina ba da shawarar a ajiye lambarsu a waya ba tare da wata tantama ba. Amma da na kira su a makon jiya domin in yi godiya, nas ɗin nan ya gaya mini cewa wa'adin tallafinsu ya kusa cika, kuma tuni an rage masu aikin dare daga mutum huɗu zuwa biyu.