Moodle a ajinmu na manya a Agege

Ajinmu na manya ne, lissafin ciniki da ɗan Turancin kasuwa muke koyarwa. Cikin ɗaliban akwai 'yan gwari na Mile 12, akwai masu POS a nan Agege, akwai matan aure daga Idi-Araba. Babu mai iya zuwa kullum. Wanda motar albasarsa ta iso daga Arewa da asuba, ba ka ganin ƙeyarsa sai an gama sauke kaya. Da a WhatsApp muke zuba darussa, sai su nutse tsakanin gaisuwar Juma'a da katin ɗaurin aure, ba ka san wa ya saurara ba. Abin da ya kai mu Moodle ke nan.

Manhaja ce kyauta ta gudanar da karatu a intanet, wani ɗan Ostireliya mai suna Martin Dougiamas ya fitar da ita a 2002, kuma har Open University ta Ingila da ita take aiki.  Amma kyautar a manhaja ta tsaya, kuɗin saba, wato kwamfutar da za ta riƙe manhajar a intanet, daga aljihunka zai fito.

Abin da ya fi biya mini buƙata shi ne rahoton kammalawa. Sunayen ɗalibai a jere daga sama zuwa ƙasa, darussa a kwance, kowane darasi da ɗan akwatinsa da ke cika in ɗalibi ya gama shi. Kallo ɗaya za ka ga inda aji ya cije. Namu a darasin kashi cikin ɗari ya tsaya cak: akwatuna cike har zuwa nan, daga nan fayau. Mutanen da ke ƙirga ribar tirela da ka, wai su ne suka kasa! Sai na naɗi darasin da murya, na yi misali da kwandon tumatir da ladan dillali. Wata ɗaliba ta turo saƙo ta ce, "Malam, ashe la'ada ce kawai ake wa wannan dogon Turanci?" Na ce, "Ita ce fa, Hajiya." Cikin makon akwatunan suka soma cika.

Sai dai a kula da sharaɗin da aka sa wa kowane darasi, domin malami ne ke zaɓa. In ka ce buɗe shafi ya wadatar, to da an taɓa shi an gama. Wani Alhaji a ajinmu ya bi darussan zango guda a dare ɗaya, rahoto ya nuna shi a sahun gaba, alhali ko rabin ɗaya bai saurara ba. Yanzu kowane darasi da ɗan gwajinsa, sai ka ci makin da aka yanka kafin na gaba ya buɗe. An yi ƙorafi, an kuma saba.

Manhajar waya ma ta taimaka. Ɗalibi zai sauke darasi inda ya samu intanet mai ƙarfi, ya saurara cikin danfo a cunkoson titin Ikorodu, in data ta dawo sai aikinsa ya hau. Bidiyo kam mun rage shi, yana cinye data.

Inda muka sha wuya shi ne wajen kamfanin da muka fara kama hayar saba, mai araha. Moodle tana da wani aiki na bayan fage da ake kira cron, shi ke tura saƙonni, shi ke lissafa wanda ya kammala kwas, kuma so ake ya riƙa gudana kowane minti. Su kuwa sai sun ga dama. Ɗalibi ya gama komai da hantsi, har isha'i shafinsa na cewa da saura, waya kuma ni ake kira. Da muka koma saba tamu mu kaɗai, da taimakon wani ƙanena da ya karanci kwamfuta, maganar ta mutu.

Makarantar Islamiyya ko cibiyar koyon sana'a da ke son gwadawa, ta fara samo mutum ɗaya da zai riƙe sabuntawa da adana kwafin bayanai. Kafin a biya kuɗin haya kuma, a tambayi kamfanin ko yana barin cron ya gudana duk minti, a sa su rubuta amsar.