Garmin Alpha 100 da abin wuya TT 15: zai hana karen farauta bin tumaki?

Masu sayen wannan na'ura ta kamfanin Garmin, ta bin diddigin kare da horar da shi, abu biyu suke nema: su san inda karensu yake idan ya nutsa daji, su kuma iya tsayar da shi daga nesa idan ya saki sawun zomo ya faɗa wa garken mutane. Na farkon tana yin sa yadda ya kamata. Na biyun kuwa sai da sharaɗi, kuma a nan ne ake lalata karnuka masu kyau.

Kayan guda biyu ne. Akwai na hannu, Alpha 100, wanda ya fito a 2012, mai allon taɓawa na inci 3 da maɓallan horo uku a samansa, yana kuma iya bin karnuka har 20 a lokaci ɗaya. Sai abin wuyan, TT 15, mai nauyin kusan giram 280, wanda ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam ya aiko da wurin da kare yake ta rediyo. A mafi sauri yana sabunta wurin duk daƙiƙa 2.5. Batirinsa yana kai awa 20 zuwa 40, gwargwadon saurin da aka zaɓa, kuma ruwa ba ya shigarsa ko kare ya faɗa kogi. Ta maɓallan nan ana iya aika wa kare ƙara, ko girgiza, ko jan wutar lantarki mai mataki 18. Nisan kilomita 14 da ɗoriya da kamfanin ya rubuta na fili ne fetal, inda babu abin da ya tare tsakani. A cikin kurmi ko bayan tsauni nisan yana raguwa ƙwarai, kuma haka duk rediyo irin wannan yake.

Kafin a yanke wa na'urar hukunci, sai an san abin da ke faruwa a kan kare. Kare bai taɓa ruɗewa tsakanin akuya da barewa ba. Hancinsa na da ƙwayoyin jin wari sama da miliyan 200, na mutum kuwa miliyan 5 zuwa 6 ne kawai, don haka warin tunkiya da na gada a wurinsa ko kama ba su yi ba. Abin da bai sani ba shi ne wadda aka yarda ya bi da wadda aka hana. Farauta a jikinsa jeri ce: ya ji wari ko motsi, ya kafe ido, ya yi sanɗa, ya kora, ya cafke. Duk abin da ya zabura da gudu yana iya tayar da wannan jerin, ko da ɗan rago ne. Irin karen ma yana da tasiri. Wani bincike da aka wallafa a Norway a 2001 ya nuna karnukan elkhound, da ake farautar manyan dabbobi da su, sun fi karnukan tsuntsu irin setter saurin kai wa tumaki hari.

Hanin nan mutum ne ke koyar da shi, kuma mafi yawan aikin ana gama shi kafin abin wuya ya shigo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: kwikwiyon da ya saba ganin kaji da awaki tsakanin mako 8 zuwa 16 na rayuwarsa, yana ɗaure da igiya, ana ba shi lada duk lokacin da ya kau da kai daga gare su, yakan girma yana yi musu kallon kayan gida. Daga nan sai doguwar igiya ta mita 10 da koyon amsa kira, har ya zama yana juyowa ko yana tsakiyar wasa. A ɗaya gefen kuma ana ɗora shi kan warin abin da ake so, da fatar zomo ko fiffiken makwarwa da aka ja a ƙasa, ana yaba masa idan ya kai ƙarshen sawun. Karen da bai samu wannan ba, babu maɓallin da zai cike masa gurbin.

Inda Alpha ke da amfani na gaske shi ne babban kare da ya riga ya ɗanɗana korar garke, ya kuma gane cewa idan an kwance igiya babu mai iya kama shi. Ga irin wannan, ana fara sa masa abin wuyan a kashe na mako ɗaya zuwa biyu, a lokacin yawo da cin abinci. Idan aka tsallake wannan, zai gane cewa hukuncin daga abin wuyan yake fitowa, ya natsu idan yana sanye da shi, ya koma halinsa ranar da aka cire. A ɗaura shi can sama kusa da muƙamuƙi, a matse yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shige. Ƙarafa biyu da ke taɓa fata suna zuwa gajeru da dogaye, dogayen na kare mai kaurin gashi ne. Sakwankwancen ɗauri shi ne babban tushen matsala: wutar ba ta taɓa fata, mai kare ya ɗauka matakin ne ya yi ƙasa ya ƙara, sai kare ya juya wuya ta same shi da ƙarfin da ba a nufa ba. Kamfanin da kansa ya ce a cire abin wuyan aƙalla awa 8 cikin kowace awa 24, domin ƙarafan suna jawo gyambo.

Matakin da ya dace ana nemansa ne a wuri shiru, daga mataki na 1 ana hawa ɗaya bayan ɗaya, har a ga kunne ya motsa ko kare ya waiga. Idan ya yi ƙara ko ya maƙale jela, an zarce.

Sai ranar gwaji. A nemi izinin mai dabbobi, a sa su bayan shinge, kare na jan doguwar igiyarsa. Mai horo ya yi shiru, kada ya kira, kada ya yi tsawa, domin ana so kare ya danganta rashin daɗin da tunkiyar, ba da mutum ba. Lokacin dannawa shi ne sa'ad da ya kafe ido ya sunkuyar da kai, ko ya ɗaga ƙafar farko ta kora. Da ya juya baya sai a saki maɓalli, a bar shi ya dawo a karɓe shi da fara'a. Jinkirin daƙiƙa biyu ya isa ya ɓata darasin. Wanda ya danna bayan kare ya juyo yana tahowa, ya koya masa cewa dawowar ce laifi. Wanda ya danna bayan haƙora sun shiga jikin dabba kuwa, sau da yawa kare yana ɗauka dabbar ce ta rama, ya ƙara damƙewa.

A nan ne allon na'urar ke yaudarar mutane. Yana nuna inda kare yake, da saurinsa, da ko yana haushi, amma ba ya nuna abin da yake bi. Karen da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 28 tsakanin sabuntawa ɗaya da ta biyu. Mai kallon allo ya ga alamar karensa ta nufi wajen garke ya danna wuta, alhali zomo ne ya ratsa ta can, to ya hukunta kare a kan aikin da ya yi daidai. Aka maimaita haka, sai kare ya fara sakin sawu yana waiwaye, wani ma ya daina nisa da ƙafar ubangidansa. Kada a danna wuta kan abin da ido bai gani ba. Daga nesa ƙarar kira ce ta dace, idan an riga an koya masa cewa ma'anarta ya dawo.

Darasi ɗaya a wuri ɗaya ba ya wadatarwa. Karen da ya bar tumakin wani shinge yana iya ɗauka tumakin wancan wurin ne kawai aka hana. Dole a maimaita a wurare huɗu ko biyar, da tumaki, da awaki, da maruƙa, da kaji, a tsaye da kuma a guje, sannan tare da wani kare, domin karnuka biyu suna zuga juna. Mafi wuya su ne dabbobin da ke da 'yan uwa a daji, kamar zabo da alade da zomo. Warin zabon gida da na daji ya yi kusa ƙwarai, don haka kare yana dogara ne da abin da ke kewaye: warin akurki, hayaƙi, sawun mutane. Idan zabin gida suka yi nisa da gari suna kiwo, ko ƙwararren kare yana iya kuskure, kuma hukunta shi a nan zai iya sa ya bar zabon daji ma. Maganin wannan igiya ce, har a wuce wurin.

Ba kowa ya yarda da jan wuta ba, kuma suna da hujja. Binciken Jami'ar Lincoln ta Ingila na 2014, kan karnukan gida 63 masu ƙin amsa kira, da yawansu masu korar dabbobi, bai ga abin wuyan lantarki ya fi horo da lada ba, ya kuma ga alamun damuwa a jikin waɗanda aka sa wa. Yankin Wales ya haramta shi tun 2010. A New Zealand kuwa ana amfani da shi wajen koya wa karnukan farauta guje wa tsuntsun kiwi, kuma ko a can ana dawo da kare a sake gwada shi, saboda darasin yana dusashewa. Kare mai tsoro, da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, bai kamata a sa musu wuta ba sam.

Ƙaramin kare abin wuyan zai yi masa nauyi, TT 15 mini ya fi dacewa da shi, sai dai nisansa bai wuce kilomita 6 da rabi ba. Doguwar eriyar wuyan ita ce ke shan wahalar ƙaya da cizon sauran karnuka, yana da kyau a ajiye ta canji. A kuma duba dokar ƙasa kafin a saya, domin zangon rediyon da na'urar ke aiki a kai ya bambanta tsakanin Amurka da Turai, abin wuyan wani yanki ba ya haɗuwa da na hannun wani.